Lissafi a Gona da Kasuwa: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yi Mini kan Koyarwa ta Hanyar Aiki

Shekaru da dama ke nan ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan jihar Kebbi. Tun da na fara fita da ɗalibaina muna auna fili muna ƙirga buhuna, tambayoyi ba su yanke ba. Iyaye suna yi a taron iyaye da malamai, abokan aiki suna yi a ɗakin malamai. Har wani dattijo ya taɓa tsayar da ni bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, karatu muka turo ɗiyanmu ko awon gona?" Na ji daɗin tambayarsa, domin uban da ya damu ne yake tambaya. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Wai me ake nufi da koyon lissafi ta hanyar aiki?

A ɗauko wata matsala ta gaske wadda ba ta warwaruwa cikin minti 40, a ba yara, su kasu rukuni-rukuni, su yi mako biyu ko uku a kanta har su fito da amsar da wani zai iya amfani da ita. Tankin ruwan makaranta kwana nawa zai riƙe mu idan famfo ya lalace? Bulo nawa za a saya a gyara katangar da ta faɗi? Manomin albasa a Aliero ya sayar tun a gona, ko ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira?

Tambayar littafi ta riga ta zaɓo wa yaro lambobinsa, ta jera masa su, kuma tana zaune a ƙarƙashin babin da ya gaya masa dabarar da zai bi. Idan babin na kashi cikin ɗari ne, ya san abin da zai yi tun kafin ya gama karantawa. Aiki kuwa ko lamba ɗaya bai ba shi ba. Shi zai yanke abin da za a auna, da me za a auna, wace dabara ce ta dace, kuma in amsa ta fito shi zai duba ko hankali ya ɗauke ta.

Yarana sun iya canji a kasuwa, amma a aji sai su kasa. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, kuma ita ta kai ni ga wannan hanya. Akwai wata yarinya a ajina da take tallar gyaɗa da yamma. Ka sayi ƙulli bakwai ka miƙa mata dubu ɗaya, kafin ka rufe baki ta ba ka canjinka daidai. Na rubuta mata lambobin nan a allo, guda-guda kamar yadda suke, sai ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malam, wanga na tarawa ne ko na ɗebewa?"

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A 1985 wasu masu bincike uku sun buga abin da suka gani a birnin Resife na ƙasar Birazil. Sun je wurin yara biyar masu sayar da kwakwa da makamantanta a kan titi, suka yi ciniki da su kamar masu saye. Yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin cinikin. Da aka dawo aka ba su lissafin nan tsura a takarda, abin da suka ci bai wuce kashi 37 cikin ɗari ba. An tambayi ɗaya daga cikinsu kuɗin kwakwa goma a kan 35 kowace ɗaya. Ya ce uku 105, wasu uku 210, ya ƙara wasu uku 315, ya ɗora ɗaya ya ce 350. Ba hanyar makaranta ya bi ba, amma bai ɓata ba, don ya san abin da kowace lamba take nufi.

Yara biyar ba su da yawa, amma duk malamin da ya koyar a Jega ko Kamba ko Bunza ya san irin yaran nan. A kasuwa lamba kuɗi ce, kuskure asara ne, uwa tana jira a gida. A aji lamba ta zama zane a allo wanda ake jujjuyawa da wata doka da aka haddace. Abin da aiki yake yi shi ne ya mayar wa lambar aji da ma'anarta, ya kuma ba basirar kasuwa rubutu da tsari, don ta iya ɗaukar manyan lambobin da kai kaɗai ba ya riƙewa.

To ta yaya hakan yake ƙara wa yaro iya warware matsala?

Bari in ba da labarin aiki ɗaya, ya fi dogon bayani.

Wani maƙwabcin makarantarmu yana da ɗan fili da yake dashen shinkafa da rani. Na roƙe shi, ya yarda 'yan aji biyu su lissafa masa takin zamanin da filin yake buƙata. Ranar farko suka auna da taku. Rukuni ɗaya ya ce tsawon taku 56 ne, wani ya ce 70. Gardama ta kaure, kowa yana cewa ɗan'uwansa bai iya ƙirga ba. Na yi shiru. Can wata yarinya ta ce ai wanda ya taka wa rukunin farko dogo ne. Suka ɗauko tef ɗin tela suka auna: takun dogon santimita 75, na ɗayan 60. Da kowa ya ninka nasa, duka biyun suka faɗo a kan mita 42. Na sha koyar da dalilin da ya sa duniya ta yarda da ma'auni ɗaya, amma ban taɓa ganin ya shiga kai kamar ranar nan ba.

Sai matsala ta biyu. Suka tashi ninka tsawo da faɗi kamar yadda suka saba, sai suka tarar filin tsawo biyu gare shi, faɗi biyu, kuma babu wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Gonakinmu ba murabba'in littafi ba ne. Sun yi kwana biyu suna lalube. A nan na koma allo na yi darasi cikakke kan alwatika. Suka koma suka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, mita 50, fili ya rabu alwatika biyu, ɗaya tsayinta mita 24, ɗaya 20. Rabin 50 sau 24 ya ba su 600, rabin 50 sau 20 ya ba su 500, jimla murabba'in mita 1,100. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, ke nan filin kashi 11 cikin ɗari na hekta ne. Muka ɗauka a misali cewa malamin gona ya ce buhu huɗu masu kilo 50 a hekta, wato kilo 200. Rabon filin kilo 22, bai kai rabin buhu ba.

Wani rukuni ya kawo mini kilo 220. Kafin in yi magana, wani yaro daga cikinsu wanda yake bin mahaifinsa fadama ya ce, "Buhu huɗu da ɗori a wannan ɗan filin? Ai sai shinkafar ta ƙone." Suka koma suka gano sun ajiye ɗigo a inda bai dace ba.

Wani masanin lissafi ɗan asalin Hangari, George Pólya, ya tsara matakan warware matsala guda huɗu a 1945: ka fahimci abin da ake tambaya, ka tsara dabara, ka zartar da ita, sannan ka waiwaya ka duba. A darasinmu na kullum mataki na uku kaɗai muke horar da yara a kai. Malami ne ya fahimta, littafi ne ya tsara, amsar da ke bayan littafi ce ta duba. A filin shinkafar nan huɗun duka sun faɗo a wuyan yara, kuma na huɗun, wanda ya fi wuyar koyarwa, ɗan manomi ne ya yi shi da kansa.

Da gaske yara suna ba da amsa ba tare da sun duba ko ta yi ma'ana ba?

Ƙwarai kuwa. Wajen 1980 wasu masu bincike a Faransa sun tambayi 'yan firamare: jirgin ruwa yana ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Mafi yawansu sun haɗa lambobin sun ba da amsa. Na gwada a ajina, na mayar da shi kwalekwale da ya taso daga Yauri. Hannuwa suka tashi, 36. Yaran nan ba wawaye ba ne. Mu muka saba musu cewa duk lambar da aka ba su a aji dole a yi wani abu da ita, kuma ba a tambayar malami dalili.

Wannan ba wani sabon yayi ba ne daga Turai?

Sunan da tsarin a makarantar boko daga Amurka suka zo. John Dewey ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Cikago a 1896, inda yara suke koyo ta girki da saƙa da aikin katako, almajirinsa William Kilpatrick kuma ya rubuta maƙalar da ta yaɗa hanyar a 1918. Ta haura shekara ɗari ke nan.

Amma koyon lissafi a kan matsala ta gaske ya girmi boko a ƙasar nan. A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, almajiran fiƙihu sun daɗe suna koyon rabon gado: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Ana ba ɗalibi mas'ala ne, mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya kaza, shi zai nemo asalin da zai ɗauki duk rabon. Wannan shi ne abin da muke wahalar koyarwa a aji ɗaya da sunan haɗa ɓangarori. Haka zakkar amfanin gona: ɗaya cikin goma ga wanda ruwan sama ya shayar masa, ɗaya cikin ashirin ga wanda ya yi ban ruwa da wahalarsa. Manomi ya samu buhu 40, da damina huɗu zai fitar, da injin ban ruwa biyu. Birkila ma da zai fitar da kwanar ɗaki yakan auna ƙafa uku a nan, huɗu a can, ya tabbatar tsakaninsu biyar ne. Bai san sunan Fitagoras ba, amma ka'idarsa yake aiki da ita.

Bincike ya tabbatar tana aiki, ko ra'ayinka ne kawai?

Sakamakon ya rabu, kuma ba zan ɓoye rabin da bai goyi bayana ba.

Wata mai bincike, Jo Boaler, ta bi ɗalibai kimanin 300 a makarantu biyu na Ingila har shekara uku, ta buga sakamakon a 1997. Makaranta ɗaya tana bin littafi da allo, ɗaya tana ba yara ayyuka masu tsawo. Yaran sun fara da ƙoƙari kusan ɗaya. A ƙarshe 'yan makarantar aiki sun fi iya tambayoyin da ke buƙatar tunani, kuma ba su faɗi ƙasa ba a jarrabawar ƙasa, sun ma ɗara. Sai dai makarantu biyu ne kacal.

A ɗaya gefen, a 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun rubuta suka mai ƙarfi a kan duk koyarwar da ake sakin ɗalibi ya gano abu da kansa. Hujjarsu ita ce ƙwaƙwalwa abubuwa kaɗan take iya riƙewa a lokaci ɗaya. Yaron da bai haddace jadawalin sau ba, in ka jefa shi cikin babban aiki, duk ƙarfinsa zai ƙare a kan bakwai sau takwas, ba abin da zai rage na tunanin dabara. Na ga wannan da idona, gaskiya suka faɗa. Haka kuma a 2016 gidauniyar Education Endowment Foundation ta fitar da sakamakon wani gwaji na koyarwa ta hanyar aiki a makarantun Ingila. Karatu da rubutu aka auna a can, ba lissafi ba, kuma ba a ga wata riba bayyananna ba. 'Ya'yan talakawa ma kamar baya suka yi, ko da yake makarantu da yawa sun janye kafin a gama, abin da ya raunana sakamakon. Wannan ya tsaya mini a rai, domin yawancin ɗalibaina 'ya'yan talakawa ne.

Abin da ya daidaita mini tunani shi ne aikin wani mai bincike, Manu Kapur, a Singafo. Ya nuna cewa in aka bar yara suka ɗan yi fama da matsala tukuna, ko da sun kasa, sannan malami ya zo ya koyar da dabarar filla-filla, sukan fi fahimtar dalilin dabarar. Sharaɗin shi ne koyarwar ta biyo baya. Shi ya sa na bar su kwana biyu da filin nan mai karkace, ban bar su mako biyu ba.

Ke nan malami zai daina koyarwa a allo?

A'a. Mafi yawan zangon karatu a allo nake yinsa, da misali da atisaye da haddar jadawali. Aiki ɗaya nake yi a zango, in ya yi yawa biyu.

Na taɓa yin kuskuren da nake gargaɗin abokan aiki a kansa. Aikina na farko na ce yara su ƙera kasuwa da kwali. Sun yi mako uku suna yanka suna fenti, abin ya yi kyau, baƙi suka yaba. Da na ba su tambayoyin riba da faɗuwa bayan nan, babu abin da ya ƙaru. Na cinye musu mako uku, kuma har yau ina jin nauyin hakan. Tun daga ranar, kafin in fara kowane aiki sai na rubuta a takarda: wane babi na manhaja ne yaro ba zai iya gama wannan aiki ba sai ya bi ta cikinsa? In ban samu amsa ba, na bar shi.

Jarrabawa fa? WAEC da NECO ba sa tambayar filin shinkafa.

Tsoron nan yana da tushe. Kwasa-kwasai da yawa na jami'a ba a shigarsu sai da kiredit a lissafi, ko a jami'ar da ke Kalgo ko ta Aliero, kuma ba ni da ikon yin caca da makomar ɗan wani. Takardar zaɓi ta WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi. Wannan gudu take so, gudu kuwa atisaye ke kawo shi, aiki ba ya kawo shi.

Amma a duba takarda ta biyu, inda ake rubuta hanya kuma ake ba da maki a kan matakai. Tambayoyinta ba sa zuwa da sunan babi a kansu. Yaro zai karanta labari, ya gane da kansa ko na faɗin fili ne ko na kaso ne ko duka biyun a haɗe. A nan ne na ga ɗaliban da suka haddace fomula sun zauna suna cizon biro, don ba su saba da zaɓar dabara ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona ba wanda ya ce masa yau ranar alwatika ce, ya riga ya ɗanɗana wannan halin. Shawarata a yi ayyukan a aji ɗaya da biyu na ƙaramar sakandare da farkon babba, a bar shekarar jarrabawa ga tsofaffin tambayoyi.

Ajina ya cika maƙil, wasu ma a ƙasa suke zaune. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma da wahala, kuma ba zan ce maka babu hayaniya ba. Abin da ya taimake ni: duk ajin matsala ɗaya, kada kowane rukuni ya ɗauki tasa, in ba haka ba ba za ka iya bin su ba. Rukuni kada ya wuce mutum shida. Fita awo kuma bi da bi, rukuni biyu suna waje saura suna atisaye a ciki. In akwai ɗaliban kwalejin horar da malamai da aka turo koyon aiki, irin na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wannan ne lokacin da za su fi amfani.

Ba mu da kayan aiki, ba mu da kuɗi.

Igiya, tef ɗin tela, sanda mai mita ɗaya, jarka mai lita 25, mudu, alli. Da su na yi duk abin da na ambata. Igiyar ma yara ne suka ƙulla mata ƙulli a kowace mita.

Ba mai ƙoƙari ɗaya ne zai yi aikin, saura su raɓe a bayansa ba?

Haka zai faru in aka ƙyale. Nakan raba aiki: mai awo, mai rubutu, mai lissafi, mai duba lissafin, mai bayani, kuma ana juyawa kowane mako. Ranar gabatarwa ni nake zaɓar wanda zai tashi, ba rukuni ba, kuma sun san haka tun farko. Sai ka ga mai ƙoƙarin ya zauna yana koya wa wanda ya fi rauni, don makinsa yana hannun wancan.

Wani abin da ban zata ba: wanda ya saba zuwa na ɗaya ba lallai shi ne gwanin aiki ba. Sau da yawa shi ne ya fi ruɗewa in ba a ba shi lambobi ba, yaron bayan aji da aka yanke wa ƙauna kuma shi ne yake cewa a ja igiya ta nan. Yaron da ya kama kuskuren kilo 220 bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba kafin ranar.

Da halin tsaron da ake ciki, ya dace a fita da yara? 'Yan mata fa?

Babu darasin da ya kai ran yaro. Tun bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, babu uban da za a ga laifinsa in ya ce kada a fita da 'yarsa. Filin shinkafar da na ambata jikin katangarmu yake, kuma sai da shugaban makaranta da iyaye suka amince. A wuraren da hankali bai kwanta ba, kada a fita ko taku ɗaya. Cikin makaranta akwai tanki, akwai katanga, akwai daɓen aji da za a lissafa siminti, akwai rajistar halarta da za a zana a ga ranar da yara suka fi fashi. A wurinmu ranar kasuwa ce, yara da kansu suka gano suka kai wa shugaban makaranta.

Sauran bayanai kuma gida ake tambayowa. 'Yan mata sun fi kowa samun su, domin sana'o'in cikin gida a gabansu ake yi. Wata ta lissafa wa mahaifiyarta ribar gumin shinkafa: kuɗin buhun shanshera, itace, ruwa, kuɗin inji, sannan mudu nawa ya fita. Uwar ta aiko a gaya mini ta daɗe tana zargin itace ne yake cinye mata riba, yanzu ta gani a rubuce.

Da Hausa za a yi ko da Turanci?

Gardama da tunani a cikin rukuni, na bar su su yi da harshen da ya fi musu sauƙi, Hausa ko Zabarmanci ko Dakarci ko Fulatanci. Rahoton ƙarshe da sunayen dabaru da Turanci, tunda da shi za a yi jarrabawa. Yaron da aka hana shi harshensa a lokacin da yake lalube, shiru kawai zai yi.

Yaya ake ba da maki?

Nakan raba uku. Kaso ɗaya na rukuni ne, a kan rahotonsu. Kaso ɗaya na littafin kowane yaro ne, inda yake rubuta abin da suka gwada har da wanda bai yi ba, kuma ba na rage maki don an soke layi. Kaso na uku, wanda ya fi nauyi, gwaji ne na kowa shi kaɗai a kan wata matsala da ta yi kama da aikin amma ba shi ba. Bayan filin shinkafa na ba su filin masallacin Idi mai kusurwa biyar a takarda. Wanda ya raba shi alwatika uku ya fahimta. Wanda ya tsaya neman mita 50 ɗin da ya saba gani, haddacewa ya yi, sai in sake zama da shi.

Mu iyaye da ba mu yi boko ba, me za mu iya yi?

Abu mai yawa, Baba. In yaro ya zo yana tambayar nawa aka sayi taki, nawa aka biya 'yan ƙwadago, litar fetur nawa inji ya sha, a amsa masa, kada a ce ya cika bin diddigi. In za a auna hatsi a ba shi ya rubuta. In ya faɗi amsa a tambaye shi, "Ta yaya ka sani?" Wannan tambaya ba ta buƙatar takardar shaida, kuma ita ce dai nake yi musu a aji.

Ni malama ce, ina son in gwada. Daga ina zan fara?

Malama, ki fara da ƙarami, na mako ɗaya, a kan babin da kika riga kika koyar. Na albasa yana da daɗin farawa, don ba ya buƙatar fita. Ki ce manomi yana da buhu goma. Yara su tambayo a gida nawa buhu yake a lokacin girbi, nawa ake kashewa wajen ajiya, buhu nawa yakan ruɓe ko ya motse kafin a fitar. Kowa zai zo da lamba daban, sai su daidaita a kan matsakaici, wannan ma darasi ne. A ce sun tsaya a kan naira 20,000 buhu, ajiya ta ci 16,000, buhu biyu sun tafi. Abin da ya fita daga hannun manomi 216,000 ne, buhu takwas suka rage, ke nan sai buhu ya kai 27,000 kafin ya mayar da kuɗinsa. Yawancinsu za su fara raba wa goma. Kada ki gyara musu nan take, ki tambaye su buhu nawa ne a cikin rudun ranar da aka buɗe. In sun gama, ki canja lamba ɗaya, ki ce buhu uku ne suka ruɓe, ki ga wanda zai sake lissafin ba tare da ya kalle ki ba.